Wayar da ta Faɗa Ƙwaryar Nono

Shekaranjiya wani matashi ya tsaya a bakin rumfata da ke kusa da tasha a Dutsin-Ma, yana kallona ina tura wa wata dattijuwa karatun Alƙur'ani a 'yar ƙaramar wayarta. Da na gama sai ya kwashe da dariya, ya ce, "Baba Isiya, wai wanga ma sana'a ce? Danna nan, danna can, shi ke nan?" Ban tanka masa ba, don da na buɗe baki a lokacin da ba mu rabu lafiya ba. Amma maganar ta tsaya mini a rai, shi ya sa na zauna na rubuta wannan, don shi da ire-irensa.

Ni da gyaran rediyo na fara. Da wayoyi suka cika gari, rediyo ta ja baya, sai na wayi gari ina yini ina korar ƙuda a kan tebur. Ina da shekara arba'in da ɗoriya, da furfura a gemu, na je na durƙusa gaban Injiniya Lawal, mai gyaran kwamfuta a bayan kasuwa, wanda na girme shi da shekara goma, na ce ya koya mini turi. Turi shi ne zuba wa mutane abin da suke so a waya: wa'azi, karatu, waƙa, fim. Wasu na ce mana 'yan dawunlodin. Wata shida na yi ina zama a bencinsa, yana yi mini tsawa ina haɗiyewa.

Ranar da ya sallame ni ya ba ni wata tsohuwar laftof da rumbun ajiyarta ya mutu, batirinta ma ya mutu, sai an jona ta da batirin mota take tashi. Na ce, "Injiniya, gawa ka ba ni?" Sai ya zaro filashi daga aljihu ya soka mata, ta farka. A cikin filashin nan akwai babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta baki ɗaya, irin ta kyauta, wadda masu ilimi suka haɗu suka rubuta suka bar wa kowa kamar rijiyar sadaka. Duk kwamfutar da ka soka wa shi ta zama taka, in ka zare ka tafi da abinka a aljihu. Ba ta kama ƙwayar cutar da memorin mutane ke ɗauke da ita, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda yake karɓar memori hamsin a rana. Ya haɗa mini da wani ɗan ƙarfe da bai wuce ƙwayar gyaɗa ba, shi ne bulutut ɗin, wanda ke sa waya da kwamfuta su yi magana ta iska ba tare da igiya ba.

Abu ɗaya ya yi ta nanata mini har na gaji da ji. Ya ce, "Malam Isiya, manhajar ga ba ta da tuni. Duk sanda ta mutu ta tashi, ta manta komi. Abin da ka ajiye a cikinta ya tahi, abin da ka saita ya koma yadda yake. Sai ka sake buɗe mata ido, in ba haka ba babu wayar da za ta gan ta." Buɗe ido shi ne ka shiga wajen bulutut ka ba ta izinin bayyana ga wayoyin da ke nemanta. Aikin daƙiƙa biyar ne. Na yi shi sau dubu nawa, Allah kaɗai ya sani.

Aikina na farko a kasuwar Kurfi wani manomi ne daga Tamawa da ke son tafsirin azumi. Na haɗa wayarsa da laftof, turi ya kama, ya kai rabi, sai na ɗaga kai na hango mutumin can wajen masu rake yana ciniki, wayar na aljihunsa. Bulutut kuwa ba ya wuce taku goma. Ya dawo ya tarar abu ya katse, ya ce na cuce shi. Tun daga ranar na gane rabin sana'ar nan ba na'ura ba ce, kiwon mutane ne. Akwai wanda zai manna wayarsa a jikin laftof ya danne da hannu biyu, wai don abin ya fi saurin shiga. Akwai wanda za ka ce ya danna sifili sau huɗu, lambar haɗa waya da laftof, ya danna sau uku, ya rantse da Allah huɗu ya danna. Ga sunayen wayoyi. Ka bincika ka ga bakwai sun fito da suna iri ɗaya, na kamfani, babu wanda ya canza. Waɗanda suka canza kuma gara ba su canza ba: Sai Ni, Ba Ruwanka, Maganin Maƙiya. Ka tsaya tsakiyar kasuwa da girmanka kana kiran "Wane ne Maganin Maƙiya?" dattawa uku su waiwayo.

Mafi ban haushi su ne 'yan karɓa. Mutanenmu ba sa mayar da kyauta. Duk abin da ya ƙwanƙwasa wayar mutum, ko bai san daga ina ya fito ba, sai ya danna ya karɓa. Na yi faɗa har muryata ta dushe, a banza.

Daga baya manyan wayoyi suka zo, da sabis mai ƙarfi, da hanyoyin turi masu gudu kamar walƙiya. Ku da kuka tashi a cikinsu kuka fara yi mana kallon tsofaffin kaya. Ban musa ba, bulutut jaki ne. Amma jaki na shiga inda mota ba ta shiga, kuma har gobe mutumin ƙauye ƙaramar waya mai madannai yake riƙewa, don ita ce ke kwana huɗu da caji.

Sai ga shekarar da aka datse sabis saboda matsalar tsaro. Kun san ta, ba ku daɗe da yaye ba ne kawai kuke yi kamar kun manta. Dutsin-Ma, Kurfi, duk yankin nan, waya ta koma fitila da agogo. An rufe kara, kasuwar dabbobi, an hana sayar da mai a jarka, an dakatar da masu cajin waya. Kasuwa ta rage armashi. Ni kaina wani yinin mutum uku kaɗai nake gani. Amma a shekarar ne tsohuwar zuma ta koma magani. Mutum zai naɗi muryarsa a waya, ya kawo mini, in tura a wayar direba, direba ya kai Katsina ko Kano, can a aika wa mai shi. Amsa ta dawo ta wannan hanyar. Haihuwa, rasuwa, jinya, duk ta teburina suke bi. Kowa ya bar bulutut ɗinsa a buɗe dare da rana, ko wani saƙo zai faɗo.

Wata ranar kasuwar Kurfi, da hantsi, wasu mutum biyu suka tsaya a gaban teburina. Namijin dogo ne, da sanda a kafaɗa, zai yi shekara arba'in da biyar. Macen ta ɗan gaza shi, tana riƙe da wani abu a ƙulle cikin gefen mayafi. Na san ta da gani, tana kawo nono daga wata ruga a wajen Wurma. Sunanta Hajo, shi kuma yayanta ne, Buba.

Ita ta yi bayani, shi ko kallona bai yi ba. Bara Buba ya kwashe shanun gidan ya yi kudu da su saboda ɓarayi. Mahaifiyarsu ta hana, ya ƙi ji. Maganar ƙarshe da ta shiga tsakaninsu ita ce ta ce a gaya masa ya tafi, amma ba da yawunta ba. Yana can ta kwanta ciwo, ga babu sabis, babu yadda za a kira shi. Kwana biyu kafin ta rasu ta sa Hajo ta kunna abin naɗar murya, ta yi masa magana. Labarin rasuwar ya kai masa a bakin wani direba, ya iso gida bayan kwana ashirin.

Hajo ta ce, "Na ce mashi ta yahe mashi, da kunnena na ji. Ya ƙi yarda."

Buba ya ce, yana kallon ƙasa, "Ko ba ta hwaɗi ba haka za ki ce. Ƙanwata ce ke. Mi za ki ce mani in ba haka ba?"

"Hamma, a kan Inna zan maka ƙarya?"

"Ni dai in ji da kunnena."

Ta kwance ƙullin ta ajiye mini wayar. Tun kafin in taɓa na ji warin tsami. Wai kwana uku bayan rasuwar ta sunkuya, wayar ta zame ta faɗa ƙwaryar nono. Maimakon ta cire batir nan take, sai ta goge ta da zane ta shanya a rana, kuma kullum sai ta kunna ta gani ko ta warke. Wallahi sai da na dafe kai. Ruwa ma ya isa kashe waya, balle nono, da ke shiga ya bushe ya ci ƙarfe a hankali. Na ce, "Hajo, wa ya ce ki riƙa kunna ta?" Ta ce babu wanda ya ce kar ta kunna. To, me za ka ce?

Na buɗe ta na duba. Babu memori a ciki, muryar na cikin wayar kanta. Ramin caji ya yi tsatsa kore shar, igiya ba za ta yi aiki ba. Sifika ta mutu, ramin abin saƙala wa kunne ya toshe. Gilashin ya yi fari fat, ba a ganin ko harafi ɗaya. Na saka mata batirina mai caji, madannai suka kawo haske, ta yi ɗan gurnani a tafin hannuna. Tana da rai, amma makauniya ce kuma bebiya, bayanta kuma har ya fara ɗumi. Ƙofa ɗaya ta rage, bulutut, kuma na san ba za ta jure kunnawa da yawa ba. Na cire batirin nan da nan.

Ga inda sana'a take, ku masu danna nan danna can. Yaya za ka tura abu daga wayar da ba ka ganin fuskarta? Na zaga kasuwa har na sami mai irinta sak, wani mai facin keke. Na roƙe shi aro, ya biyo ni yana mita. Na naɗi muryata a tasa, na tura wa laftof, ina ƙirga kowace dannawa ina rubutawa da biro a bayan kwali: tsakiya, ƙasa huɗu, tsakiya, ƙasa biyu, hagu, haka har dannawa goma sha tara. Na tambayi Hajo ko akwai wata murya a wayar bayan wannan, ta ce ita kaɗai ce, ba ta taɓa naɗar komai ba. Sau uku na gwada, sau uku laftof ɗina ce ke fitowa farko a jerin, don ita ce mafi kusa. Na kuma lura in turi ya kammala irin wayar nan na yin gurnani sau ɗaya. Mai faci ya ƙwace abarsa ya ce aiki na jiransa.

Yana juyawa ƙafarsa ta harɗe igiyar batirin mota. Laftof ta mutu.

Na bi shi da maganar da ba zan rubuta a nan ba. Na gyara igiya, na tayar da ita, raina a ɓace, mutane sun fara taruwa suna leƙe, kowa da shawararsa. Wani na cewa a sa wayar cikin shinkafa, wani na cewa a kai Kano. Na ga fuskar laftof ta kawo, na ga alamar bulutut a kusurwa, na ce bismillahi, na mayar wa wayar Hajo batir. Na bi kwalina dannawa bayan dannawa. Na jira ta bincika, na zaɓi na farko a jeri, na amince. Na zuba wa laftof ido ina jiran ta tambaye ni ko zan karɓa.

Shiru. Minti ɗaya, minti biyu. Sai wayar ta yi gurnani sau ɗaya a hannuna.

Nan take na tuna. Ban buɗe wa manhajar ido ba. Ta mutu ta tashi ta manta, ni ma na manta tare da ita, ni da na shekara goma sha ina yi wa mutane faɗa a kan ganganci. Wayar ba ta ga laftof ɗina ba, ta ga wata wayar, ta tura, wani ɗan karɓa kuma ya karɓa. Sauri ya haifi nawa. Na buɗe mata idon, na koma kan kwali daga farko. A dannawa ta shida hasken madannai ya ɗauke. Bayan wayar ya yi zafi kamar dutsen guga. Na canza batir, na hura, na goge, na yi duk abin da na sani. Ta tafi.

Buba ya ce, "Malam, ya shiga?"

Da zan iya ƙarya da na yi a ranar. Na ce, "Ya hita daga wayar, amma ba wurina ya zo ba. Laihina ne. Yana cikin wayar wani a nan kusa."

Hajo ta saki salati. Shi kuwa ya sauke sandarsa daga kafaɗa ya dogara da ita.

Na hau kan benci na ɗaga murya na ce don Allah duk wanda ke cikin taku goma daga teburin nan kar ya motsa, ya kawo wayarsa. Ku zo ku ga rigima. Mutanen da ke karɓar kowane tarkace daga iska ba tambaya, yau su ne masu sirri. Mai shayi ya ce shi ba a taɓa masa waya. Wani ya ce ko hukuma ce ta aiko ni. Wata mai ƙosai ta tura tata cikin zane ta ce sai dai in kira mijinta. Sai da Hajo ta buɗe baki ta faɗi abin da ake nema, muryar mamaciya ce ga ɗanta, sannan jikin kowa ya yi sanyi, wayoyi suka fara taruwa a kan teburina. Goma sha huɗu na duba ɗaya bayan ɗaya. Na ga waƙoƙi, na ga wa'azi, na ga abubuwan da suka sa na daina ganin girman wasu. Muryar ba ta ciki.

Aka kira azahar. Buba ya gyara tsayuwa ya ce, "A bari, Malam. Allah bai nuhe ni da ji ba. Wata ƙila abin da ke ciki ba na ji ba ne." Wannan maganar ta fi zagi ciwo. Na gane in ya bar kasuwar nan haka, zai tafi da yaƙinin uwarsa ta mutu tana fushi da shi, kuma ni na jawo.

Na ce ya ba ni zuwa bayan salla. Na zauna na yi tunani irin na mai sana'a, abin da ya kamata in yi tun farko. Waya takan fara kawo wanda ya fi kusa da ita. Ni a gaban tebur na yi ta nema, wajen taron jama'a. Na waiwaya. A bayana, jingine da ƙafar bencina, ga faifan goro an rufe da jiƙaƙƙen buhun algarara, ga kujera babu kowa. Alhaji Ɗanladi mai goro, wanda muke zama baya da baya shekara shida. Kunnensa ya yi nauyi, duk ihun da na yi bai ji ba, ya tashi tun kafin kiran salla ya tafi alwala.

Rabona da gudu tun ina saurayi. Na same shi a ƙofar masallaci yana cire takalmi.

"Alhaji! Kar ka taɓa wayarka!"

"Mi ka ce?"

"Wayarka! Wani abu ya shigo ɗazu?"

"Ya shigo mana, na karɓa. Na ɗauka tahsiri ne ka turo mani. Na kunna na ji wata tsohuwa na magana, rabi Hillanci. Halan tallar magani ce."

"Ka goge?"

Ya harare ni. "Da na iya gogewa ina zuwa wurinka? Kai nike jira ka hidda mani ita, ta cika mani waya."

Ban taɓa son jahilcin abokin ciniki ba sai ranar. Na karɓi wayar na riƙe ta da hannu biyu, a aljihun gaba na yi salla da ita, ina jin ta a ƙirjina duk sujada.

Da muka dawo ban bar kowa ya saurara ba. Na buɗe wa manhajar ido, na duba sau biyu, na turo muryar, na kwafe ta a memori uku, don ba zan sake yarda da mai mantuwa ba. Ɗaya na ba Hajo, ɗaya na saka a wayar Buba. Sannan na kori 'yan kallo, na zaunar da shi a kujerata, na saƙala masa abin ji a kunne, na nuna masa inda zai danna.

Minti uku da 'yan daƙiƙu ne. Na juya ina shirya igiyoyin da ba su buƙatar shiri. Hajo ta ja mayafi ta rufe fuska. Da na saci kallonsa na ga bai motsa ba, idonsa na kan ƙasa. Da muryar ta ƙare, ya zare abin daga kunne ɗaya.

Hajo ta ce, "Hamma, ƙarya na yi?"

Ya girgiza kai. "Ta yahe."

Na ce alhamdu lillahi, na miƙa hannu zan karɓi abin jin. Bai sake shi ba. Ashe Buba ɗan fari ne, kuma kun san kunyar ɗan fari, balle a ruga: uwa ba ta kama sunansa, sai dai ta ce wancan, ko yaron nan, har ta koma ga Allah.

Ya ɗago ya dube ni, karo na farko tun zuwansu. Ya ce, "Malam, ta ce Buba. Tun da ta haihe ni ban taɓa jin shi a bakinta ba." Ya miƙo mini wayar. "Ban iya ba. Maido mani ita baya, daidai wurin."